Wasannin waya masu tsaka-tsaki: me suke ba mutum, me suke ci masa?

"Assalamu alaikum Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a nan Tawa. Wayata Tecno ce mai ram jiga 2. Manyan wasanni irin su Call of Duty ba ta ɗaukarsu, in ma ta ɗauka sai ta yi zafi ta riƙa tsayawa. Shi ya sa na koma ga wasannin nan da ba su kai manya ba, ba kuma za a ce musu shirme ba. Amma duk wanda na sauke, bayan ƴan kwanaki sai ya gundure ni, ko talla ta hana ni sakat, ko ya ce sai na sayi wani abu. Yayana da ke bida a Abijan ya ce in zaɓa: ko ya aiko mini da PSP, na'urar wasa ta hannu, ko ya ƙara mini kuɗi in canja waya. Irin waɗannan wasanni suna da wani amfani kuwa, ko ɓarnar mega ce kawai? Kuma wanne zan zaɓa?"

Wa alaikumus salam ƙanena, ina amsawa. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko, ko wasan da bai kai na gaba-gaba ba ya cancanci lokacinka da megarka. Ta biyu, ko mafita tana cikin sabuwar waya ko cikin na'urar wasa ta hannu. Gyaran waya nake yi, kafin nan kuma na riƙe ɗakin da samari ke biyan kuɗi su buga PlayStation, saboda haka amsata daga abin da ke ratsa hannuna kullum ta fito.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne wasa mai tsaka-tsaki iri biyu ne, kuma ba a yi musu hukunci ɗaya. Akwai wanda iyakar ƙarfin masu shi ke nan: mutane kaɗan ne, kuɗinsu kaɗan, suka samu dabara ɗaya mai daɗi suka gina wasa a kanta, dabara ta biyu ba ta zo musu ba. Akwai kuma wanda asalinsa mai kyau ne, amma aka rage masa daɗi da gangan don a sayar maka da abin da aka cire. Na farko kamar mai tuwo ce da miyarta ba ta da nama sosai amma ta cika maka kwano. Na biyu kwanon ya fi kyau, sai dai bayan kowace loma a janye shi sai ka biya. Na farko ina kare shi ko'ina. Na biyu shi ne ya gajiyar da kai.

Yadda aka zo nan

A da, wasan hannu sau ɗaya ake biyansa. Lokacin da Nintendo ya fitar da Game Boy a 1989, fuskarsa ba ta da launi, ƙarfinsa kaɗan ne, batir huɗu yake ci. Sega ya biyo da Game Gear a 1990 mai launi, amma batir shida yake lashewa cikin ƴan awoyi. Game Boy ne ya ci kasuwa, shi da ƙanensa Game Boy Color suka haura miliyan 118. Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin ya nuna cewa a wasan hannu, abin da ya daɗe yana aiki a aljihunka ya fi abin da ya fi ƙyalli. Haka macijin Nokia da ya fito a 1997, wanda yawancinmu muka sani a kan 3310. Daga baya wasannin Java suka zo, na kamfanin Gameloft na Faransa da makamantansa, irin su Asphalt da Real Football, muna tura wa juna ta Bluetooth. Yawancinsu tsaka-tsaki ne, amma kowanne cikakke ne. Yana da farko, yana da ƙarshe, ba ya neman komai daga gare ka bayan ka same shi.

Shagunan manhaja na Apple da Android sun buɗe a 2008, cikin ƴan shekaru kuma kasuwa ta juya. Mutane suka ƙi biyan kuɗi kafin su taɓa wasa, sai masu ƙirƙira suka koma bayar da shi kyauta. Wajen 2012, shekarar Candy Crush Saga da Subway Surfers, wannan hanya ta zama ita ce hanya. To banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba ka wasa kyauta hanya biyu gare shi ta mayar da kuɗinsa: ya nuna maka talla, ko ya sayar maka da kaya a cikin wasan, shagon kuma ya cire kasonsa, wanda ya daɗe a kashi 30 cikin 100. Daga ranar da lissafi ya koma haka, tambayar mai ƙirƙira ta sauya. Da yana tambayar yadda wasa zai yi daɗi har a saya. Yanzu yana tambayar yadda zai sa ka dawo gobe, da kuma wurin da zai matse ka ka biya.

Abin kirkin da ke cikinsu

Ba zan yarda a ce wasanni masu tsaka-tsaki ɓarnar mega ba ne gaba ɗaya, musamman a nan. Dubi halin da muke wasa a ciki. Wayoyin da suka fi yawa a hannun matasanmu Tecno ne da itel da Infinix, duk na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, kuma masu araha daga cikinsu ram ɗinsu, wato ƙwaƙwalwar da waya ke riƙe manhajar da ke buɗe da ita, kaɗan ne, wurin ajiyarsu jiga 32 ko ƙasa, rabinsa WhatsApp da hotuna sun cinye. Rezo yana zuwa yana tafiya. Wuta ma haka. A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa yana wuce digiri 40, waya kuwa in ta yi zafi da kanta take rage gudun injinta don kada ta ƙone. Wannan tsayawar da kake gani ke nan, ba lalacewa ba ce. Babban wasa yana tura injin iyakarsa, a cikin wannan zafi minti kaɗan zai yi lafiya kafin ya fara sarƙewa. Wasa matsakaici ba ya kai waya wannan bango.

Ɗauki Hill Climb Racing, wanda wani ƙaramin kamfani na Finlan, Fingersoft, ya fitar a 2012. Maɓalli biyu ne kacal, totur da birki. Zanensa ba abin nunawa ba ne, bayan wani lokaci kuma ka ga duk abin da yake da shi. Amma nauyin motar a kan tudu daidai yake, yatsanka yana jin lokacin da za ta kife, yana aiki babu intanet, yana buɗewa nan take a tsohuwar waya. Wannan shi ne tsaka-tsaki na gaskiya: dabara ɗaya da aka yi ta da kyau. Ko Ludo King na Indiya da ya fito a 2016. Ba wata ƙirƙira a cikinsa, lido ne da kowa ya sani. Amma mutum huɗu suna bugawa a waya ɗaya, kuma na sha ganin fada guda ta kewaye waya ɗaya tun shayi na farko har na uku. Daɗin daga mutanen yake fitowa, wasan dai bai tare musu hanya ba, wannan ma aiki ne da wasanni da yawa suka kasa.

A ƙwallo ne bambancin ya fi fitowa, kuma nan ne samari suka fi yi mini gardama. eFootball na Konami, wanda har 2021 ake kira PES, da FC Mobile, wanda kafin 2023 FIFA Mobile ne, sun fi Dream League Soccer kyan gani da sunayen ƙungiyoyi. Amma dukansu biyu sai da intanet, kuma suna da nauyi. Dream League na wani kamfani ne na Ingila, First Touch Games. Sunayen ƴan wasa na gaske ne, amma yawancin ƙungiyoyin ba sa ɗauke da tambarinsu na ainihi, masu tsaron gida suna da kurakuran da ke maimaituwa, in ka gano hanya ɗaya ta cin ƙwallo za ka yi ta ci da ita. Duk da haka ga mai waya irin taka shi nake sa wa, domin wasan da ke gudana sumul ya fi wanda ya fi shi kyau amma yana tsayawa daidai lokacin da za ka buga. Free Fire ma da wannan lissafi ya shiga gari a 2017: mutum 50 a fili maimakon 100 na takwaransa na harbi, PUBG, wasa na kimanin minti 10, zane mai sauƙi. Ba don ya fi kowa ba, don ya shiga wayar talaka ne.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Wasa matsakaici yana sakinka. Ka buga minti biyar kana jiran mota a tasha, ka rufe, babu abin da ka rasa. Ga ɗalibi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda suke kasawa

Gundurar da kake ji bayan ƴan kwanaki tana da dalili. Wasa mai zurfi yana koya maka sabon abu a kai a kai, ya sa ka haɗa abin da ka koya jiya da na yau. Mai tsaka-tsaki kuwa mataki na 50 mataki na 5 ne da aka ƙara masa gudu ko aka sauya masa launi. Hannunka ya gama koyo tun rana ta biyu, abin da ya rage tara tsabar zinare ne kawai. Akwai ma wani rukuni na ƙananan wasanni, irin waɗanda kamfanoni kamar Voodoo da Ketchapp na Faransa suka shahara da su, da ake ƙerawa da yawa cikin sauri, a gwada su da talla a ga wanda mutane suka fi latsawa, sai a tura wanda ya ci. Irin wannan tun asali ba a yi shi don ya kai mako a wayarka ba. In ya gundure ka, ya gama aikinsa ne, goge shi ba tare da jin ka yi asara ba.

Sai matsalar gilashi. Yatsa a kan gilashi ba ya jin inda maɓalli yake, kuma yana rufe abin da kake kallo. Wasan da aka yi tun farko don shafa da latsawa, kamar Subway Surfers, ba ya da wannan damuwa. Amma wanda aka kwaikwayo daga manyan na'urori aka zana masa maɓallai takwas a fuska, kullum sai ka ji kamar hannunka ne bai iya ba. Ƙara da gumi a lokacin zafi.

Talla ita ce ke cin megarka, ba wasan ba. Ƙaramin wasa da kansa kusan ba ya jan komai, amma kowace talla bidiyo ce da ake saukowa da forfe ɗinka. Kana biyan kuɗi don a nuna maka abin da ba ka nema ba. Wasu tallace-tallacen ma ƙarya ce tsagwaronta: a 2020 hukumar kula da talla ta Birtaniya ta hana wasu tallace-tallacen wasannin Homescapes da Gardenscapes saboda abin da suke nunawa ba shi ne ainihin yawancin wasan ba. Dabarar da nake koya wa kowa ita ce a kashe data kafin a buɗe wasan da ke aiki babu intanet. Yawanci tallar ba ta samun hanyar zuwa. In wasan ɗan mutum ɗaya ne amma ya ƙi buɗewa sai da intanet, ka tambayi kanka me yake bukatar intanet ɗin ya yi masa.

Abin da ya fi damuna shi ne bangon da ake ginawa da gangan. Kwanakin farko wasa yana ba ka kyauta hannu biyu, kana ci gaba da sauri, kana jin kai gwani ne. Daga nan sai ka iso wani mataki da ƙwarewa ba ta wuce shi. Ko ƙarfinka ya ƙare a ce ka jira awa huɗu, ko abokin karawarka ya fi ka kaya nesa ba kusa ba, a daidai lokacin kuma sai ga tayin ragi ya fito da agogo yana ƙirgawa. Wannan ba kuskuren ƙira ba ne, ƙirar ke nan. Mafi muni a ciki akwatin sa'a ne, inda kake biyan kuɗi ba ka san abin da zai fito ba. A 2018 hukumar caca ta Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna da ake saye da kuɗi caca ne a dokarta. Apple tun 2017, Google kuma tun 2019, sun wajabta wa masu wasa su bayyana yiwuwar samun kowane kaya. Ka nemi wannan shafi ka karanta kafin ka kashe ko dala. Ni a ganina, mai jin tsoron Allah ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kan biyan kuɗi don abin da bai san ko mene ne ba, ko da sunansa wasa. Na ga yaran da suka zuba kuɗin makarantarsu a sayen lu'ulu'u na cikin wasa, na ga kuma waɗanda wani shafi ya yi musu alkawarin lu'ulu'u kyauta, suka ba da lambar sirrinsu, aka kwashe asusun gaba ɗaya.

Kuma abin da ka saya a wasan intanet ba naka ba ne. Apex Legends Mobile ya fito a Mayun 2022, aka rufe shi a Mayun 2023. Duk wanda ya zuba kuɗi da lokaci a ciki, ranar da aka kashe na'urorin kamfanin komai ya tafi. Babban kamfani ne ya yi wannan, balle ƙaramin da ba a san shi ba.

Kada ka ce za ka tsere ta hanyar wasannin da aka fasa, waɗanda ake turawa ta Xender da sunan kuɗi ba iyaka. Da yawa daga wayoyin da ake kawo mini suna buɗe talla da kansu ko batir yana zuba ba dalili, in na bincika daga irin wannan fayil abin ya shigo. Wasan tsere ba ya da abin yi da saƙonninka ko lambobin mutanenka. In ya nemi izininsu, goge shi. Taurarin shago ma kada su ruɗe ka, domin wasanni da yawa suna neman ka ba su tauraro daidai lokacin da ka ci nasara kana cikin farin ciki. Karanta ra'ayin waɗanda suka ba da tauraro biyu ko uku, su ne suka daɗe a ciki har suka iso bangon.

Na'urar hannu

A nan lissafin ya bambanta. PSP ta Sony ta fito a Japan a 2004, shekara ɗaya da Nintendo DS, kuma wasanninta na zamanin biya sau ɗaya ne. Wasa mai tsaka-tsaki a PSP yana da nasa aibu: kamara mai wahalar juyawa saboda sandar yatsa ɗaya ce, jira mai tsawo kafin mataki ya buɗe, labari marar gishiri, ko a ɗauko wasan PlayStation 2 a yanke shi ya shiga ƙaramar na'ura. Amma babu talla, babu jiran ƙarfi, babu wanda zai rufe shi daga wata ƙasa. Ga maɓallai na gaske a ƙarƙashin yatsa, wanda a wasan ƙwallo da na faɗa shi ne rabin daɗin. Ba ta kuma taɓa batirin wayarka, wadda kake bukata don karatu da kira.

Matsalarta tsufa ne. Sony ya daina ƙera ta tun 2014, saboda haka duk wadda yayanka zai samu ta haura shekara goma. Batirinta na asali yawanci ya kumbura ko ya mutu, na kasuwa kuma ba duka ke riƙe caji ba. Sandar yatsa tana saki. Katin ajiyarta ba irin na waya ba ne, Memory Stick ne na Sony, sai an sa mata mahaɗi kafin ƙaramin memwar ya shiga. In gilashinta ya fashe, a nan ba kayan da za ka shiga kasuwa ka ɗauka ba ne kamar na Tecno, sai an aiko. Ƙananan na'urorin nan masu araha da aka rubuta wa wasa 400 a ciki kuwa, yawanci tsofaffin wasanni ne kaɗan da aka maimaita da sunaye daban, maɓallansu kuma ba sa jure hannun yaro. Switch ta Nintendo da ta fito a 2017 ta fi duk waɗannan, amma kuɗinta da na kowane wasanta wani zance ne daban.

Akwai hanya ta tsakiya da samarin garin nan suka daɗe da ganowa: manhajar PPSSPP, wadda wani ɗan Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012, tana buɗe wasannin PSP a kan Android. A waya mai ram jiga 2 wasu wasannin suna tafiya in ka rage ƙyallin zane, masu nauyi suna sarƙewa. In ka haɗa ta da manet, wato abin riƙewa mai maɓallan wasa, mai Bluetooth, ka samu mafi yawan abin da PSP za ta ba ka. Manhajar halal ce, tana Play Store. Fayilolin wasannin da ke yawo kuwa yawanci kwafi ne da ba a biya masu su ba, ba zan ɓoye maka wannan ba, kuma wuraren da ake sauke su cike suke da tarko.

Abin da zan ce ka gaya wa yayanka

Tunda kai ɗalibi ne, waya nake ba ka shawara. Abu ɗaya ne zai yi maka karatu da kira da wasa, kuma kayan gyaransa suna nan kusa. Ka nemi ram jiga 4 na gaskiya. Ka lura da kwali, domin yanzu ana rubuta 4+4 ko 3+3, lamba ta biyun aro ce daga wurin ajiya, ba ta da saurin ram na ainihi. Wurin ajiya kada ya gaza jiga 64, 128 ya fi. Ka tambayi sunan injin da ke ciki kafin ka tambayi kamara. In wani abu ya rage, ka sayi manet. PSP sai in yayan naka zai iya gwada ta da hannunsa: ya buɗe murfin batir ya duba kumburi, ya juya sandar ta kowane gefe, ya bar ta a kunne ya ga tsawon lokacin da take riƙe caji.

Wannan hukunci nawa a kan wayoyi masu araha da na'urorin wasa na hannu da aka riga aka yi amfani da su ya tsaya, su ne nake taɓawa. Mai iPhone ko mai wifi a gida lissafinsa zai iya bambanta. Daɗin wasa kuma ba a auna shi da ma'auni ɗaya, wanda ya gundure ni wata ƙila ya riƙe ka wata guda. In kuwa abin ya kai wasa yana hana ka barci da salla da karatu kuma ka kasa dainawa, wannan ya wuce teburin mai gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtuka a 2019, likita ne zai duba shi.

Ko wace waya ka saya, kada ka yi wasa tana kan caji, musamman da rana. Zafin caji da zafin wasa da zafin gari in suka haɗu, su ne ke kumbura batir har ya ɗaga murfin baya. Cire mata riga in za ka daɗe kana bugawa, in ka ji bayanta ya yi zafin da hannu ba ya so ka ajiye ta a inuwa ta huce da kanta, kada ka sa ta a firji ko kusa da ƙanƙara, domin raɓar da za ta taru a ciki ta fi zafin ɓarna.